Raddi ga Malamin da Ya Ce Kunnen Doki a Alƙaluman Bincike Ba Komai Ba Ne

Wata 'yar takarda tana yawo a hannun ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu a Kafanchan da kewaye. Wani malami da nake ganin girmansa ne ya rubuta ta, kuma ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake jayayya. A ciki ya koya wa ɗalibai yadda za su kwatanta rukuni biyu na alƙaluma da gwajin Kolmogorov da Smirnov, sannan ya gaya musu abin da za su yi idan kwamfuta ta yi gargaɗin cewa akwai kunnen doki, wato adadi ɗaya ya maimaitu a wurare da yawa. A nan ne ya yi tuntuɓe, kuma tun da ɗalibai sun ɗauki takardar kamar karatun allo, gyara ya zama dole. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da ajiye misali a gabanmu, don kada mu yi ta musu a iska. Tun daminar 2023, lokacin da cutar ruɓa ta auka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, duk mai nazarin noma a Kudancin Kaduna yana son sanin ko wanke iri da magani kafin shuka yana rage ɓarna. A ɗauka wata ɗaliba ta zagaya gonaki 40: 20 an wanke irinsu, 20 ba a wanke ba. Ba ta da na'urar auna cuta, sai ido. Ta ba kowace gona maki daga 1 zuwa 5, inda 1 ke nufin gona lafiya lau, 5 kuma ganye ya yi rawaya, saiwa ta yi laushi tana wari. A gonakin da aka wanke, shida sun ci 1, bakwai sun ci 2, huɗu sun ci 3, biyu sun ci 4, ɗaya ta ci 5. A waɗanda ba a wanke ba, biyu sun ci 1, huɗu sun ci 2, biyar sun ci 3, biyar sun ci 4, huɗu sun ci 5. Ni na tsara waɗannan alƙaluma don bayani, kowa na iya bin lissafin da biro. Gona 40, maki biyar kacal: kowace gona tana kunnen doki da wasu.

Malam ya ce gargaɗin kwamfuta surutu ne, a yi watsi da shi a kwafi ƙimar p, wato lambar da ke nuna yiwuwar samun irin wannan bambanci bisa tsautsayi kawai.

To, Malam, gargaɗin yana da tushe. Andrey Kolmogorov ya wallafa gwajinsa a 1933 a wata mujallar Italiya, Nikolai Smirnov kuma ya faɗaɗa shi zuwa rukuni biyu a 1939. Dukansu sun gina lissafin a kan sharaɗi guda: abin da ake aunawa yana tafiya ne ba yankewa, har ya zama adadi biyu ba za su taɓa zama daidai wa daida ba. Gwajin yana jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba, a kowane mataki ya duba kashi nawa na rukunin farko aka wuce, kashi nawa na na biyu, ya ɗauki tazara mafi faɗi. A gonakinmu, zuwa maki 2 an wuce kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka wanke, da kashi 30 na waɗanda ba a wanke ba. Tazarar 0.35 ke nan, ita ce mafi girma. Idan aka nufi teburin gwajin da ita, p zai fito kusan 0.17, ɗaliba ta rubuta cewa ba a ga bambanci ba.

Amma teburin ya ɗauka cewa tazarar tana da wurare 39 da za ta iya buɗewa, tsakanin kowace gona da mai bi mata. A alƙalumanmu wurare huɗu ne kawai: bayan 1, bayan 2, bayan 3, bayan 4. Inda damar ta ragu, samun tazarar 0.35 bisa tsautsayi ya fi wuya ƙwarai fiye da yadda tebur ya zata. Idan aka yi lissafin da la'akari da kunnen dokin, p na komawa kusan 0.07, ƙasa da rabin na farko. Masana sun daɗe da sanin haka. Gottfried Noether ya yi rubutu a kai tun 1963. Kuskuren kuma gefe ɗaya yake karkata kullum: yana ɓoye bambancin da ke akwai. Wani zai ce ai wannan taka-tsantsan ne. A je a gaya wa manomin Kwoi da aka ce masa wanke iri ba ya amfani, ya zuba iri a ƙasa haka nan.

Ko manhajar lissafi ta R ma ta bar Malam a baya. Tun daga R 4.2.0 da ta fito a 2022, gwajin rukuni biyu yana iya ba da p na ainihi ko da akwai kunnen doki. Wanda ke aiki da tsohuwar manhaja ko tebur na bayan littafi shi ne zai ci gaba da ganin 0.17.

Magana ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ya ce in gargaɗin ya dami ɗalibi, ya goge adadin da suka maimaitu, ya bar ɗaya-ɗaya. A gwada a misalinmu. Rukunin farko zai koma 1, 2, 3, 4, 5. Na biyu ma 1, 2, 3, 4, 5. Tazara sifili, p ya zama 1, gargaɗi ya ɓace, binciken ma ya ɓace tare da shi. Daidai yake da malamin zaɓe ya ce tun da ƙuri'u iri ɗaya ne, zai rubuta wa kowace jam'iyya ɗaya. Maimaicin shi ne sakamakon. Ba sai na tsawaita ba.

Ta uku ta fi wayo, don haka ta fi bukatar zama. Ya ce a ƙara wa kowane adadi wani ɗan mitsitsin abu da kwamfuta ta zaɓo da ka, misali 2 ya koma 2.003, wani 2 ɗin ya koma 1.998, shi ke nan babu sauran kunnen doki, sharaɗin Kolmogorov ya cika.

Zan ba shi gaskiyarsa tukuna. Idan aka yi haka sau ɗaya tak, ba tare da an leƙa sakamako ba, gwajin ba zai riƙa ƙirƙiro bambancin ƙarya fiye da kima ba. Ta wannan fuska dabarar ba haramun ba ce a ilimin ƙididdiga. Amma a duba abin da take yi wa gonakinmu. Gonaki 11 ne suka ci maki 2: bakwai da aka wanke, huɗu da ba a wanke ba. Kafin a shiga cikinsu, rukunin farko yana gaba da gona huɗu. Idan ƙuri'ar kwamfuta ta sa bakwai ɗin nan suka jeru a gaba, ratar za ta kai gona 11 cikin 20, wato 0.55, p ya faɗo zuwa 0.004. Idan ƙuri'a ta faɗi wata hanya, tazarar ta tsaya a 0.35, p yana nan a 0.17. Gonaki ɗaya, maki ɗaya, ɗaliba ɗaya, amma hukunci yana lilo tsakanin babu bambanci da bambanci ƙarara, gwargwadon abin da ƙuri'a ta ga dama. Ɗalibai biyu za su ɗauki takardar alƙaluma guda su fito da kundi biyu masu ƙaryata juna, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya game da halin ɗan Adam. Ɗalibin da ranar kare kundi ta matso, ya danna sau ɗaya ya ga 0.17, ya san in ya sake dannawa lamba za ta canza. Wa zai riƙe masa hannu? Mai duba kundin kuma ba shi da hanyar sanin sau nawa aka danna. Malami bai kamata ya miƙa wa ɗalibi irin wannan makami ba.

Ta huɗu, ya ce gwajin Kolmogorov da Smirnov ya fi sauran, domin yana kama kowane irin bambanci, ba na matsakaici kaɗai ba. Haka ne, yana kallon ko'ina, shi ya sa ba ya kaifi a wuri guda. Tambayar ɗalibarmu kuwa guda ce: shin gonakin da aka wanke sun fi karkata zuwa ƙananan maki? Akwai gwajin da aka ƙera don wannan. Frank Wilcoxon ya fito da shi a 1945 a Amurka, kuma abin sha'awa, shi masanin sinadarai ne da ya yi shekaru yana gwajin magungunan ƙwari da na cututtukan tsirrai, irin aikin da muke magana a kai. Henry Mann da Donald Whitney suka faɗaɗa shi a 1947.

Ga yadda yake bi da kunnen doki. A jera gonaki 40 a ba su matsayi. Takwas da suka ci 1 sun mamaye matsayi na 1 zuwa na 8, sai a ba kowacce 4.5. Sha ɗaya da suka ci 2 kowacce ta sami 14, masu 3 su sami 24, masu 4 su sami 32, masu 5 su sami 38. Jimillar matsayin gonakin da aka wanke 323, ta waɗanda ba a wanke ba 497; da maganin ba ya komai, kowanne zai zauna kusa da 410. Akwai kuma gyaran da ake yi wa lissafin saboda kunnen doki, irin wanda William Kruskal da Allen Wallis suka bayar a 1952 don rukuni uku ko fiye: ga kowane gungu, a ninka yawansa a kansa har sau uku, a cire yawan. Takwas ta ba da 504, sha ɗaya 1,320, tara 720, bakwai 336, biyar 120, jimilla 3,000, a raba da 63,960. Bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Da gyaran p ya fito kusan 0.016, ba tare da shi ba 0.019. Da a kan wannan gwaji Malam ya ce kunnen doki ba ya canza abu mai yawa, da na yi shiru a wannan misali, ko da yake inda kusan kowa ya taru a maki ɗaya ko biyu gyaran yana girma sosai. Laifinsa shi ne ya ɗauki hukuncin wani gwaji ya ɗora wa wani.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace, ya ce a gwada duka a zaɓi wanda ya ba da ƙaramin p. Wannan ma caca ce. Tambaya ake fara rubutawa, ita za ta zaɓi gwaji, kafin a taɓa alƙaluma. In abin da ake nema shi ne ko tsarin rabuwar makin ya bambanta ta kowace fuska, ga gwajin tebur na Karl Pearson tun 1900, matuƙar gidajen teburin ba su yi ƙanƙanta ba. In kuma an nace sai tazarar Smirnov, a bi hanyar da Ronald Fisher da Edwin Pitman suka shimfiɗa a 1935 da 1937: a rubuta makin gonaki 40 a 'yan takardu, a zuba a ƙwarya, a gauraya, a raba gida biyu, a auna tazara, a maimaita sau dubbai, a ga sau nawa ta kai 0.35. Kunnen dokin yana cikin ƙwaryar, ba a taɓa shi ba. Kwamfutar ɗalibi za ta gama wannan kafin ya sha ruwa.

Akwai abin da takardar ba ta taɓo ba sam, alhali a wurinmu shi ne ya fi yawa. Wani kunnen dokin daga ma'auni yake, kamar maki 1 zuwa 5, ko sakamakon WAEC da ke da matakai tara daga A1 zuwa F9. Wani kuwa daga bakin mutane yake. Je kasuwar Kafanchan ka tambayi 'yan kasuwa shekarunsu: talatin, arba'in, arba'in da biyar, hamsin. Da wuya ka ji talatin da bakwai. Haka farashin buhu, haka yawan buhunan da aka girbe. Ana cike lamba ne. Masana ƙidayar jama'a suna auna wannan ɗabi'a da ma'aunin Whipple, wanda ke duba masu shekara 23 zuwa 62, ya ba da 100 in babu taruwa a kan lambobi masu ƙarewa da 0 ko 5, ya ba da 500 in kowa can ya taru. Yanzu a ce mai tambaya ɗaya ya yi aiki a Kagoro yana neman katin haihuwa ko na baftisma, wani ya yi a Zonkwa yana rubuta abin da aka gaya masa. Idan mutanen da aka tambaya suna da yawa, gwajin Smirnov zai iya cewa garuruwan sun bambanta, alhali masu tambayar ne suka bambanta. Ƙara 0.003 ba ya warkar da wannan. Sai an zana alƙaluman an kalle su, a ga inda suka yi tsibi, in ya kama a haɗa su gida-gida na shekara biyar ko goma kafin a kwatanta.

Daga ƙarshe ya rufe takardarsa da cewa in p ya haura 0.05, a rubuta cewa rukunan iri ɗaya ne. A'a. Abin da za a rubuta shi ne gonaki 40 ba su isa su tabbatar da bambanci da wannan gwaji ba, a kuma sa teburin makin a cikin kundi, mai karatu ya ga masu maki 1 ko 2 sun kai 13 cikin 20 a gefe guda da 6 cikin 20 a ɗaya gefen da idonsa.

Malam, don Allah ka janye takardar nan, ka cire shawarar goge maimaici da ta ƙara lambobin ƙuri'a, ka sake fitar da ita kafin zangon kare kundi mai zuwa. Ku kuma ɗalibai da kuka riga kuka yi aiki da ita, ku koma ga alƙalumanku na asali ku sake lissafi.