Filin iyaye da yara: A bar Dodo ya shiga kaye

Daga Madawa har Buza da Keita, babu yaron da bai san Dodo ba. Kaka ce ke kawo shi da dare, cikin gatana. Ƙato ne mai gashi. Wani lokaci yana cikin ruwa, wani lokaci cikin daji. Yana haɗiye mutane, amma karnuka na korar shi, Gizo kuma na yi mashi wayo.

Dodo ƙage ne, amma yana da aiki. In damana ta sauka, Majiya da koramu suna cika cikin dare ɗaya. Tsoron Dodo shi ke hana ƙaramin yaro zuwa bakin ruwa ko leƙen rijiya shi kaɗai.

Yau hirar dare ta ragu. Salula ta shigo gida, tsofaffi kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ta rasu, gatanarta ta bi ta, sai in an rubuta.

Rubuta gatana tsohon aiki ne. Daga 1911 zuwa 1913, wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga littafi uku na gatanar Hausa. Malamai ne suka fara rubuta da yawa daga cikinsu da ajami. Shi ya sa har yau ana karanta su. A Nijar, an buɗe lakwal ta farko mai koyar da yara da Hausa a Damagaram cikin 1973. Cikin 2025 kuma aka mai da Hausa harshen ƙasa. Ke nan yaron da ya iya rubuta Hausa bai yi asara ba.

To, mi yaro zai rubuta? Kwafar abin da mushe ya sa a allo ba ta isa ba. Yaro na iya kwafa da kyau alhali bai gane komi ba. Amma in aka ce ya faɗi Dodo, maganar tana cikinshi. Ya san ta, yana son ta, hannu ne kawai ke neman haruffa.

Ga yadda za a yi. Da dare kaka ta ba da gatana ɗaya. Da safe a ba yaro kaye da biro, ko allo da alli. Ya rubuta abin da ya ji, ko layi biyar ne. An ce ba a gatana da rana, amma wannan doka ba ta hau rubutu ba.

Bayan haka a ce ya ƙago nashi dodo. A tambaye shi: mi ne ne sunanshi? Ina yake kwana? Mi yake ci? Wa zai kada shi? Yaron Keita na iya ƙago dodon da ke cinye ƙasar gona, irin zaizayar da babban aikin Keita ya fara yaƙa cikin 1984. Ɗiyar Madawa ta ƙago mai satar albasa cikin garka. Ɗan makiyayi ya ƙago mai shanye rijiya kafin bisashe su iso. Ta nan iyaye za su ji abin da ke tsorata ɗiyansu, su kwantar masu da hankali.

Uba ko uwa da suka yi karatun yaƙi da jahilci su zauna su karanta da ƙarfi, gida duka ya ji. Kada a yi wa yaro dariya. Kada a buge shi don ya manta ƙugiyar ɗ ko ta ƙ. A nuna mashi, ya gyara. Ɗiya mace ma a rage mata daka da ɗibar ruwa na ɗan lokaci, ta samu ta rubuta nata.

A adana kayen cikin adaka, nesa da gara da awaki. Wata rana ƙannen yaro za su koyi karatu a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.