Tambarin Ɗan Kasuwa: A Adana Uwar Zane, A Tura Kwafi

Ɗan kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ke Bauchi ba ya dogara da allon talla na bakin shago kaɗai a yau, domin mai saye kan fara ganin hajarsa a WhatsApp ko Facebook. Sai dai da yawa na biyan kuɗin zana tambari ba tare da sanin abin da suka saya ba, kuma hakan na jawo asara.

Zanen kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne zanen layi, wanda manhajoji irin su CorelDRAW, da ta fito a 1989, ke ginawa bisa lissafi. Ana iya faɗaɗa shi daga girman katin biki zuwa allon bakin titi ba tare da ya dusashe ba. Na biyu shi ne hoton ɗigo-ɗigo, wanda adadin ɗigonsa ƙayyadadde ne, da zarar an ja shi sai ya farfashe. Shi ne irin wanda kafofin sada zumunta ke nunawa, don haka tilas a juya zanen layi zuwa gare shi, a kuma matse shi.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Shafin A4 da aka shirya wa maɗaba'a na ɗauke da ɗigo kusan miliyan 8.7, alhali hoto mai faɗin ɗigo 1,080 ya wadatar da fuskar waya. Duk abin da ya haura haka nauyi ne da mai saye zai biya da datarsa. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, hoton da ya yi jinkirin buɗewa na iya zama cinikin da ya kuɓuce.

Haka kuma zaɓen tsari na da muhimmanci. JPEG, wanda aka daidaita a 1992, ya dace da hoton shadda ko buhun masara, amma yana ɓata gefen rubutu, kuma duk gyaran da aka yi aka sake adanawa sai ingancinsa ya ragu. PNG na 1996 ya fi dacewa da tambari, domin ba ya zubar da komai, yana kuma barin bayan zane babu launi. WebP, da kamfanin Google ya fitar a 2010, kan rage nauyi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kamar yadda kamfanin ya bayyana.

Babban kuskure shi ne karɓar matsattsen kwafi kaɗai daga mai zane. Juya zanen layi zuwa hoto aikin minti ɗaya ne, amma mayar da shi yadda yake sau da yawa sai an sake zanawa, an sake biya. Uwar zane tamkar uwar kuɗi ce, kwafin intanet kuwa riba ce da ake fitarwa kullum. Bugu da ƙari, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bar haƙƙin aiki ga wanda ya ƙirƙire shi, sai fa in an ƙulla yarjejeniya saɓanin haka.

Wasu masu zane na riƙe uwar zanen don abokin ciniki ya dawo. Suna da hujja, tunda guminsu ne, amma maganin shi ne a sa wa uwar zanen farashi a fili, mai so ya biya. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya nemi abu uku a rubuce kafin ya biya kafin alƙalami: uwar zane, kwafin maɗaba'a, da kwafi mara nauyi na intanet. Wanda ya ƙi biyan wannan ɗan ƙari a yau, zai biya ninkinsa ranar da ya tashi buga babban allo, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.