Daga Kalaba zuwa Limbe ta ruwa: Lissafin da ya kamata mai tafiya hutu ya yi

Duk lokacin da makarantu suka tashi dogon hutu, ba a rasa ɗan kasuwar da zai ce bari ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, wato ya kai kaya Kamaru, ya kuma ɗauki iyali su gano 'yan uwa a Kumba ko unguwar New Bell ta Duwala. Mutanenmu da ke Bogobiri a Kalaba sun daɗe da sanin wannan hanya: jirgin ruwa zuwa Limbe ko Tiko, ko kuma manyan kwale-kwale masu inji da ke tashi daga Oron zuwa Idenau. Tun da rikicin yankin masu magana da Turancin Ingilishi ya ɓarke a Kamaru a shekarar 2016, hanyar mota ta Ekok zuwa Mamfe ta zama abin tsoro, jama'a da dama suka karkata ga teku.

Maganar gaskiya, gaɓar tana da kyau. Matafiyi zai wuce dazukan ruwa na Bakasi, yankin da Kotun Duniya ta bai wa Kamaru a 2002, Nijeriya ta kammala miƙa shi a watan Agustan 2008. Daga nan sai Dutsen Kamaru ya bayyana, tsayinsa ya haura mita 4,000, ga baƙin yashin Limbe a gindinsa. Yaron da ya tashi a Jibiya ko Maraɗi ba zai manta da wannan gani ba.

To amma abin da ba a cika faɗa wa mai sayen tikiti ba shi ne, dogon hutun makaranta yana faɗawa ne a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da iska da igiyar ruwa suka fi ƙarfi a wannan gaɓa. Ƙauyen Debundscha da ke kusa da Idenau yana samun ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara, abin da ya ninka na Kano fiye da sau goma. A ƙarshen Agustan 2019 ne jirgin Austrheim da ya taso daga Kalaba zai je Tiko ya kife a kusa da Bakasi. Sojojin Kamaru sun ceto fiye da mutum 100, aƙalla 17 kuma suka rasu.

Idan ba a manta ba, babban darasin yana ƙasar Sanagal. Ranar 26 ga Satumban 2002 jirgin Joola ya bar Ziguinchor a kudancin ƙasar zai je Dakar, maƙare da ɗalibai masu komawa makaranta bayan hutu, da mata 'yan kasuwa, da wasu Turawa masu yawon buɗe ido. An ƙera shi ne don mutanen da ba su kai 600 ba. Da dare hadari ya taso a gaɓar Gambiya, cikin 'yan mintoci jirgin ya kife. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira, akasarinsu masunta ne suka tsamo su domin ceton hukuma bai iso ba sai washegari. Kuma jirgin na gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi, balle mu ce kwaɗayin wani attajiri ne.

Yadda abin ya faru shi ne abin lura. Mutane da yawa sun hau ba tikiti, wasu sun ƙaru a tsibirin Karaban, inda kwale-kwale ke kawo fasinja da kaya. Saboda zafi ɗaruruwa suka kwana a saman jirgin, nauyi ya koma sama, ƙasa ba abin da zai riƙe shi. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka yi wa lodi ya fi bodinta tsayi ta zo kwana, ya san sauran labarin. Bambancin kawai, a teku babu gefen titi da za a zauna a jira taimako.

A nan ne dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Lodin da ke kifar da jirgi, wani lokaci namu ne. Mu ne ke jan yaron jirgi gefe a yi ciniki a ƙara buhu goma, mu ne ke roƙon a bar yara uku su shiga da tikiti ɗaya, sunansu ba ya cikin takardar fasinjoji. Ranar da tsautsayi ya auku, wanda ba a rubuta ba, ba wanda zai san a neme shi. Ganin gwamnatoci sun kori jami'ai bayan haɗari, kamar yadda ministan sufurin Gabon ya sauka bayan nutsewar jirgin Esther Miracle a Maris ɗin 2023, bai taɓa dawo da ko mutum ɗaya ba.

A ganina, wanda ke da halin zaɓe ya ɗage tafiyar iyali zuwa hutun Disamba, lokacin rani, teku ta fi kwanciya. Idan kuwa dole ce, ya raba tafiyar kaya da ta yara, ya tabbatar an rubuta sunan kowa, ya ga rigar kariya da idonsa kafin ya biya kuɗi, har da daidai jikin yaro, ya kuma guje wa kwale-kwalen da ke tashi da dare daga tashar da ba jami'ai. 'Yan uwanmu na Nijar da Benin su kuma tuna cewa sefar Kamaru daban take da tasu ko da darajarsu ɗaya, gara a yi canji tun a Kalaba.