'Yar Reno Da Littafin Yara

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu karatu a ƙasar Amurka, wadda ya kamata mutanen Ikara da Makarfi da Kudan su ji labarinta, gama ko da yake can nesa aka tayar da ita, 'ya'yansu mata ta fi shafa. Gardamar kuwa a kan waɗansu littattafan yara ce da ake kira The Baby-Sitters Club, watau ƙungiyar 'yan reno. Wata mata mai suna Ann M. Martin ta soma rubuta su a 1986, kamfanin Scholastic ya buga. Zuwa shekarar 2000 an fitar da littafi fiye da 200 a kan wannan ƙungiya, waɗanda aka sayar kuwa sun haura miliyan 170.

Labarin waɗansu 'yammata ne 'yan shekara 13, da waɗansu biyu 'yan shekara 11, a wani gari da marubuciyar ta ƙaga. Sau uku a mako suna taruwa a ɗakin ɗayarsu mai wayar tarho. Iyayen da za su fita unguwa su bugo, su nemi wadda za ta zauna musu da yara, in sun dawo su biya ta ladanta, ta koma gida.

Waɗanda suka karanta littattafan nan suna yara, da suka girma suka sake dubawa, sai suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ƙarya ta yi yawa. Wane uba mai hankali zai bar jariri hannun 'yar shekara 11 ya kama hanya? Suka ce kuma 'yammatan sun shekara fiye da goma a aji guda, hutu ya zo ya wuce, ya sake zuwa, ba wadda ta ƙara ko shekara ɗaya. Waɗansu kuwa suka ce a'a, akwai gaskiya mai yawa a ciki. Ga yarinya mai ciwon sukari tana fama da allura, ga wadda ubanta ya tafi ya bar su, ga wadda kakarta ta kwanta ciwo har ta rasu, ga baƙar fata da waɗansu maƙwabta suka ƙi maraba da ita. Suka ce a nan ne yara da yawa suka fara ganin irin damuwarsu a rubuce.

To, in aka kawo zargin nan na farko kasuwar Makarfi aka faɗa, dariya za a yi. A ƙasar nan ba a jiran shekara 11. Yarinya 'yar shekara bakwai an ɗaura mata ƙanenta a baya, an tamke da majanyi, ƙafafunsa na dukan cinyoyinta. Ita ce mai ba shi kunu, ita ce mai rarrashi, ita ce mai hana shi zuwa bakin murhu da bakin rijiya. Lokacin da ake tsinkar tumatir a fadamun Hunkuyi da Ikara, ko ana saran rake ana dafa mazarƙwaila a ƙasar Makarfi da Kudan, manya ba su da hannun ɗaukar yaro, sai ita. In uwa tana kulle tana sana'a a cikin gida, yarinyar nan ce ƙafarta, ita ke kai talla, sau da yawa da goyo a baya. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 ta bincika wannan al'amari, ta nuna cewa cinikin matan kulle a kan yara ya dogara. Abin da ta sha wahalar bincike ta gano, kowace tsohuwa a Kudan ta san shi tun tana goyon nata ƙanen.

Saboda haka ƙarancin shekarun 'yammatan ba shi ne ƙaryar littattafan Amurka ba. In akwai ƙarya, tana wurin sauƙin aikin. 'Yar renon littafi ita ta zaɓi aikin, ana biyanta, tana da lokacin tashi, gobe kuma tana aji tare da tsaranta. Renon bai ci mata kome ba. 'Yar renon Ikara ba a tambaye ta ba, ba a biyanta, ba ta da lokacin tashi, abin da renon yakan ci mata kuwa shi ne makaranta. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce tilas kowane yaro a Nijeriya ya yi shekara tara yana karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma doka ba ta goyo. In an haifi sabon jariri a gida, kowa ya san wadda za ta fara fashin aji.

Abin tambaya shi ne, ina littafin wannan yarinya? Zariya ba ta da nisa da Hunkuyi, a Zariya kuwa aka kafa harsashin littattafan Hausa na boko. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1937 Magana Jari Ce ya fara fitowa domin 'yan makaranta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1954 kuma aka kafa hukumar NORLA don ta wadata 'yan yaƙi da jahilci da abin karantawa. Waɗannan ayyuka ne manya, ba mai raina su sai wanda bai san darajar harshe ba. Amma mai karatu ya tuna da mutanen da ke cikinsu: sarakuna ne, da 'ya'yan sarakuna, da fadawa, da malamai matafiya, da jarumawa, da aljannu, da aku mai magana. An ba tsuntsu baki ya yi zance har littafi uku, yarinyar da ke riƙe da rabin aikin gida kuwa da wuya a ga an ba ta ko shafi guda. Littattafan koyon karatu da suka biyo baya su ma yawanci yara tsaf-tsaf suke nunawa, an yi musu wanka, sun rataya jaka, ba mai goyo a cikinsu. Yarinyar da ta zo aji a makare, bayanta jiƙe da fitsarin ƙanenta, in ta buɗe irin wannan littafi abin da zai gaya mata shi ne karatu na waɗansu ne.

Akwai masu cewa a bar yara da tatsuniya, wai gaskiya ɗaci gare ta, ba abincin yaro ba ce. Wannan magana ba ta da ƙafa. Ba wanda ya ce a kori Gizo da Ƙoƙi. Amma tatsuniyar kanta ba ta taɓa ɓoye wa yara ɗaci ba: cike take da marayu, da 'yar bora da kishiyar uwa ta tura rafi da dare, da yunwa, da mutuwa. Kakanni da suka ƙaga ta sun fi marubutan yau ƙarfin hali. Shaihu Umar kuma, wanda aka karantar a makarantu shekara da shekaru, labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ba a ji yaron da wannan littafi ya lalata ba. Wanda yake tsoron kada yarinya ta karanta labarin jariri mai gudawa ya manta cewa jiya da dare ita ta wanke masa zane.

Akwai kuma masu cewa rubuta irin wannan tonon asiri ne, zai sa baƙi su raina Hausawa. Su ma sun kuskure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Reno ba abin kunya ba ne, makaranta ce ta tausayi da haƙuri, shi ya sa ƙane yakan girma yana ganin yayarsa kamar uwa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a Giwa cikin ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954, ba ta haifi ɗa nata ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar. Ta faɗi zaman gidan Bahaushe yadda yake, da daɗinsa da wuyarsa, duniya kuwa ba ta raina ta ba, har yau ana karanta ta a jami'o'i. Abin kunyar shi ne a ce yarinya ta yi wa gida wannan hidima duka, sa'an nan a hana ta karatu, a kuma hana a faɗa.

Kashi na uku su ne suka fi haɗari, domin da niyyar alheri suke zuwa. Waɗansunsu suna so a ɗauko littafin Amurka a juya shi da Hausa, a sake wa 'yammatan suna, shi ke nan. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar 'yan reno masu jiran waya a biya su da awa, in an sa ta a Makarfi, ta fi labarin aljannu nisa da gaskiya. Waɗansunsu kuwa suna rubuta yarinyar ƙauye, amma sai su mai da ita abar tausayi kurum: kullum tana kuka, iyayenta mugaye, har wani baƙo ya zo da mota ya cece ta, a rufe da wa'azi. Wannan ma ƙarya ce, yara kuwa sun fi kowa saurin gane ta. 'Yar reno tana dariya. Tana wasan gaɗa da goyo a bayanta, tana da ƙawaye, tana da wayon ɓoye ribar talla, ta san kukan yunwa daban da kukan ciwo. Uwarta kuma ba muguwa ba ce, mace ce mai hannu biyu da aikin hannu goma. Littafin da ya zagi uwa ba zai kwana a ɗakin uwa ba.

Littafin gaskiya shi ne wanda zai auna nauyin goyon daidai, kada ya rage, kada ya ƙara. Ya nuna ranar da yaro ya yi zazzaɓi uwa ba ta nan, yarinya ta rasa ko ta ruga gona ko ta nufi asibitin sha ka tafi. Ya nuna yadda ta koyi ba shi ruwan gishiri da sukari. Ya nuna ranar da aka yi jarrabawa ba ta je ba, da abin da malam ya ce, da abin da ubanta ya ce da ya ji. Ya nuna ranar yaye, da aka kai yaron wurin kaka, bayanta ya yi sakayau amma ta kasa barci don kewa. Ya bar 'yan'uwanta maza su shigo, a ga ko su ma suna iya riƙe yaro awa guda. Fiye da kome kuma, ya bar ta ta girma. A nan masu zargin littattafan Amurka suka yi gaskiya: yarinyar da ba ta ƙara shekara ba ta biyan kuɗin kome. Ta Kudan kuwa tana ƙarawa, shekarar da ta rasa a aji ba ta dawowa, ba da jimawa ba za a fara zancen kayan ɗakinta. Uban da ya ji ɗiyarsa tana karanta masa irin wannan labari da dare zai yi tunanin da wa'azin shekara bai sa shi ya yi ba.

Saura wanda zai rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a bukatar digiri kafin a faɗi abin da aka gani. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13. Daga baya ta shiga ajin manya ta ci gaba da karatu, ta rubuta littattafai, cikinsu har da Wa Zai Auri Jahila? na 1990, labarin yarinyar da aka raba da makaranta. Wani littafin nata an juya shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Ita manya ta rubuta wa, na yara yana nan yana jira. A azuzuwan yaƙi da jahilci na Ikara da Makarfi da Kudan akwai mata da yawa waɗanda reno ne ya hana su karatu da fari, sai yanzu Allah ya nufa suka riƙe alƙalami. Kowaccensu tana da labarin da ba marubucin birni da ya san shi.

Wanda ya sami takardar shaidar iya karatu da rubutu, kada ya ninke ta ya sa a ƙasan akwati. Ya sayi littafin rubutu, ya zauna da uwa ko yaya ko ɗiya, ya tambayi yadda renon ya kasance, ya rubuta da Hausar da aka faɗa masa. Malaman aji su tattara, su karanta wa yara, su ji inda suka ce haka ne da inda suka ce ba haka ba ne, a gyara. Sa'an nan a kai wa masu ɗab'i a Zariya da Kano da Kaduna, a matsa musu. Yarinyar da ta goyi yaro shekara biyu ta cancanci a ba ta littafi guda wanda za ta buɗe ta ga kanta a ciki.