FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Injiniyan Da Ke Sasanta Na'urori A Samaniya

Duk wanda ya taɓa kasa kunne ga akwatin rediyo a daidai lokacin da babur ya gifta ƙofar gida, ya san yadda wata ƙara kan kutso ta danne muryar mai karanta labarai. Dalili kuwa shi ne tartsatsin fulogin babur yana watsa igiyoyin lantarki cikin iska, ita kuwa rediyo ba ta da ikon ƙin karɓarsu. To, a gida wannan ɗan ɓacin rai ne na ƙiftawar ido. Amma a cikin tauraron ɗan Adam, inda aka cusa na'urori barkatai a akwati guda, mai aika saƙo da ƙarfi tana maƙwabtaka da mai sauraren raɗa daga nisan duniya, irin wannan katsalandan yana iya salwantar da dukiya mai ɗimbin yawa. Saboda haka aka keɓe wani reshe na aikin injiniya domin sasanta na'urori, kada wata ta dami 'yar'uwarta, kada kuma abin da ke waje ya rikita su. Ana kiran fannin jituwar lantarki da maganaɗisu.

Alal misali, ran 26 ga Maris, 1987, Amurka ta harba rokar Atlas-Centaur daga Cape Canaveral cikin hadari, ɗauke da tauraron sadarwa na sojan ruwa. Ba a cika minti ɗaya ba aradu ta faɗa mata. Aradun ba ta farfasa rokar nan take ba, sai dai lantarkin da ya bi wayoyi ya canja lamba guda a ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke tuƙa ta, kwamfutar ta ba da umurnin karkacewa, rokar ta wargaje.

Can sama kuma babu hadari, amma akwai wani maƙiyin. Mai karatu ya san yadda hannu kan ji tsirit in ya taɓa ƙofar mota da hunturu. Haka ƙwayoyin lantarki masu yawo a samaniya kan taru a jikin tauraro sannu a hankali, har rana ɗaya su yi tartsatsi a cikinsa. Ran 20 ga Janairu, 1994, abin da ya sami taurari biyu na ƙasar Kanada ke nan, Anik E1 da Anik E2, talabijin da tarho suka katse wa jama'a da dama. An farfaɗo da na farkon cikin 'yan sa'o'i, na biyun kuwa sai bayan watanni.

Tun da yake galibin taurari ba a bin su sama da sifana a gyara, dole aikin injiniyan ya ƙare tun suna ƙasa. Shi ke faɗin inda kowace waya za ta bi, wadda za a naɗe da ragar ƙarfe, da yadda za a haɗa sassan jikin tauraron don lantarki ya rasa wurin taruwa. Wani lokaci maganin tazara ce kawai: kumbunan Voyager da aka harba a 1977 sun rataye ma'aunin maganaɗisunsu a kan sanda mai tsawon mita 13, don kada ya riƙa auna kumbon kansa. Daga nan sai gwaji, a ɗaki mai bangon ƙarfe wanda aka lulluɓe cikinsa da soso mai tsini-tsini da ke shanye igiyoyin rediyo, irin wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ke da shi a Noordwijk, ƙasar Holan. A nan ake auna abin da kowace na'ura ke fitarwa, sa'an nan a yi mata ruwan igiyoyi da gangan a ga iyakar juriyarta.

Gaskiyar magana, sana'ar ba ta mai son tafi ba ce, domin in aiki ya yi kyau ba wanda zai ga kome. Babban abin takaicinta kuma shi ne a ƙi tuntuɓar injiniyan sai an gama ƙira, gwaji ya tona aibu, ranar harbawa ta gabato. A lokacin gyaran da dā ɗan canjin zane ne ya isa, sai ya koma kwance na'ura ɗungum.

Saurayi ko budurwar da ke sha'awa, hanyarsu ita ce digiri a injiniyancin lantarki ko fizis, da riƙe lissafin Maxwell da kyau, wato darasin nan da ɗalibai da yawa kan yi wa karatun tsallake rijiya. Sai sanin ƙa'idojin gwaji, musamman MIL-STD-461 ta sojan Amurka wadda ta fara fitowa a 1967, da hannun da ya saba da na'urorin awo. Kada a ce abin ya fi ƙarfin ɗan ƙasa: injiniyoyin hukumar NASRDA ne suka harhaɗa tauraron NigeriaSat-X a kamfanin Surrey na Ingila, aka harba shi a 2011. Wanda kuma bai sami shiga harkar taurari ba, masu ƙera jiragen sama da motoci da kayan asibiti duk suna neman mai wannan ilmi.