Kiɗan da Ba Ya Gaggawa: Waiwaye a Kan Aikin Éliane Radigue

Masu suka kan ce sauti ɗaya da aka ja har tsawon sa'a guda ba kiɗa ba ne, ƙugin inji ne. A ganina an yi garaje wajen yanke wannan hukunci, kuma aikin Éliane Radigue, Bafaransar da aka haifa a Paris a 1932, ya isa hujja.

Radigue ta yi aiki a ƙarƙashin Pierre Schaeffer da Pierre Henry, sannan ta shafe kusan shekara 30 tana sarrafa na'urar haɗa sauti ta lantarki mai suna ARP 2500. Bakandamiyarta, Trilogie de la Mort, wadda ta kammala a 1993, ta kusa sa'a uku. Babu ganga a cikinta, babu baiti, babu amshi.

Duk da haka sautin ba a daskare yake ba. Idan aka gwama sauti mai kaɗawa sau 440 a sakan da wani mai 442, kunne zai ji amon yana tashi yana sauka sau biyu kowane sakan. Da irin wannan ɗan saɓani take saƙa kiɗanta, tana murɗa maɓalli sannu-sannu, har mai sauraro ya tarar sautin ya sauya bai san lokacin ba.

Mu manazarta waƙa mun saba neman jigo da salo a cikin kalmomi, shi ya sa muke hanzarin watsi da kiɗan da bai ba mu lafazi ba. Kamata ya yi nazarinmu ya faɗaɗa ya ɗauki amo kansa a matsayin abin fiɗa. Wanda bai zauna ya saurara har ƙarshe ba, bai kai ga yanke hukunci ba.