Ra'ayinmu: A Sakar Wa Yaro Linzami, A Tsaya A Gefensa

Duk wanda ya ratsa unguwar Kambarawa da ke cikin birnin Katsina bayan sallar Asuba zai tarar da tsarin karatun da ya girmi makarantun boko da ɗaruruwan shekaru. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, ba a wanke masa sai ya iya, ba a kuma tsare shi don wani bai iya ba. In ya sauke ya shiga zaure, yakan tashi daga Ahlari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya da Risala, gwargwadon himmarsa, shi ne kuma mai ɗaukar littafinsa ya nemi malamin da ya ƙware a fannin. Malami ya biya masa, ya gyara masa kuskure. Uba ya sayi littafi, ya riƙa tambayar inda aka kwana.

Wannan tafarki ne Katsina ta bi ta haifi Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba ƙararrawa ce ta kora su aji ba, ƙishin sani ne.

Boko ya zo da alherinsa, ba mu musu. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta yaye manyan Arewa, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa. Amma a aji mai cunkoso kowa shafi ɗaya yake, mai sauri ya gaji da jira, mai nawa a bar shi a baya. Yaro ya haddace abin da aka rubuta a allon bango, ya juye shi ran jarrabawa, ya manta. Irin wannan yaro ne yake zuwa jami'a yana jiran a ba shi takardar kwafa, in ya kama aikin gwamnati kuma ba ya iya rubuta wasiƙa sai an nuna masa ta bara.

Ba cewa muke a cire yara daga makaranta ba, ba kuma cewa muke a miƙa musu wayar hannu a juya baya ba. Sakin linzami daban, sakaci daban. Ɗan kasuwa yakan ba ɗansa ɗan jari ya bar shi ya juya, da dare su zauna su yi lissafi. Haka ya kamata a yi da karatu.

Iyaye, ku lura da abin da ɗanku ko 'yarku ke yawan tambaya, ku nemo littafi ko gwanin da zai amsa. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa a karanta mata Magana Jari Ce, ta tambayi ma'anar labarin.

Mu kuwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mu ne yayyen da yaran unguwa ke kallo. Hutu na tafe. Kowa ya ware sa'a guda a mako a zauren gidansu, ya baje tsofaffin littattafansa, ya bar yara su zaɓa, ya amsa tambayarsu ba tare da tsawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.